Anka mai kilo nawa za ta riƙe jirgin faiba a tafkin Kainji?

Baban Humaira: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san ruwa. Na sayi ƙaramin jirgin faiba na hannu, tsawonsa mita 5 da rabi, da injin waje mai ƙarfin doki 40, an kuma yi masa rumfar tamfol. A New Bussa yake. Ba na haya ba ne, na fita shan iska da iyali ne da ɗan jefa ƙugiya a ƙarshen mako. Wanda ya sayar mini bai haɗa da anka ba, wato ƙarfen da ake saki a ruwa don ya tsayar da jirgi wuri ɗaya. Yaron da ke kula da jirgin ya ce a zuba kankare a bokitin fenti a dasa rodi a ciki, magana ta ƙare. Wani kuma ya turo mini hotuna daga Legas, iri-iri, daga mai kilo 2 har mai kilo 15. Wacce zan ɗauka, kuma mai kilo nawa?

Ɗan Zuru: Wa alaikumus salam. Alhaji ɗauki mai kilo 15 ɗin ka huta. Ai nauyi shi ne magana.

Injiniya: Ɗan Zuru, kai za ka riƙa zuwa kana jawo masa ita daga ƙarƙashin ruwa? Alhaji, kafin a kai ga kilo, akwai tambayar da ta riga ta: mene ne a ƙasan wurin da kake tsayawa? Laka, yashi, dutse, ko ciyawa? Kuma zurfinsa nawa?

Baban Humaira: Yawanci a lungunan da ke gefen tafkin muke tsayawa, inda ruwa ya kwanta. Idan an caka gora laka take fitowa da ita, wani wurin yashi. Zurfin kamar mita 3 zuwa 4.

Injiniya: Madalla. To bari in fara da bokitin kankaren, don shi ne abin da kowa ke fara kawowa. Duk abin da ka jefa a ruwa yana rage nauyi daidai da nauyin ruwan da ya ture. Kankare ya ninka ruwa nauyi sau biyu da ɗan wani abu ne kawai, saboda haka curin kankare mai kilo 25 idan ya nutse bai kai kilo 15 ba. Ƙarfe kuwa ya ninka ruwa kusan sau takwas, mai kilo 25 zai tsaya a wajen 22. Ka ga tun a nan ka sha wahalar ɗaukar kilo 25 a tudu, ruwa ya cinye maka 10.

Babbar matsalar ma ba wannan ba ce. Bokitin kankare zama kawai yake yi a kan laka. Da an ja shi da ƙarfin da ya fi nasa, sai ya kama hanya. Anka ta gaskiya ba zama take yi ba, nutsewa take yi cikin ƙasa. Ka duba garmar shanu: idan ana janta a kwance bakinta ƙara shiga ƙasa yake yi, idan ka ɗaga ta sama sai ta fito ba gardama. Haka anka take. Abin da ke riƙe jirgin shi ne tarin ƙasar da ke gaban bakinta, ba kilon da ke jikinta ba. Shi ya sa ƙaramar anka mai kilo 5 da ta shige laka sosai za ta riƙe abin da bokiti uku ba za su riƙe ba.

Baba Mai Jirgi, Yauri: Ɗana ne ke rubuta mini, ni nake faɗa. Injiniya, na ji karatunka. Amma tun kafin a toshe Kwara a yi tafkin nan iyayenmu da dutse sunka tsaida jirgi, mu ma da shi munka tashi. Dutse mai ƙugu, a ɗaure shi da igiya, ko tsohon durom ɗin birkin babbar mota. Kuma ka san abin da ke ƙarƙashin ruwan nan? Itatuwa ne tsaye da kwance, da kututture, har da kangayen garuruwan da ruwa ya ci. Wannan ƙarfen naku mai kunnuwa idan ya shiga tsakanin saiwa, sai dai ka yanke igiya ka yi masa bankwana. Dutse in ya maƙale, ka ɗauki wani a bakin gaɓa, ba ka biya kowa ba.

Injiniya: Allah ya ja kwana Baba. Maganar kututture gaskiya ce, ba mai musu. Tun da aka kammala madatsar a 1968 ruwa ya hau kan daji da gonaki da tsohon garin Bussa, kuma itacen da ke cikin ruwa ba ya saurin ruɓewa. Amma Baba ku duba bambancin jirgin. Kwalekwalenku siriri ne, a kwance yake da ruwa, iska ba ta samun wurin kamawa. Na Alhaji gefensa dogo ne, ba shi da nauyi, ga rumfa a kai. Iska kuma idan gudunta ya ninka biyu, ƙarfin turinta ninkawa huɗu yake yi. Dutsen da ya riƙe shi da hantsi ba shi zai riƙe shi ba idan hadari ya taso da la'asar.

Baba Mai Jirgi, Yauri: To wa ya ce ka tsaya jiran hadari a tsakiyar ruwa? Da ka ga gabas ta yi baƙi, iska mai sanyi ta fara busowa, ka naɗe kayanka ka nemi gaɓa. Ba dutse ba ƙarfe.

Maman Iman: Baba ku yi haƙuri in sa baki. Idan injin ya ƙi tashi fa a daidai lokacin? Mu da muke shiga da yara wannan ne tsoronmu. Ku kuna da filafili da ƙarfin tuƙi, kun kuma san kowane lungu. Jirgin faiba mai faɗi ba ya tuƙuwa da filafili a cikin iska, ko maza huɗu ne a ciki.

Injiniya: Hajiya kin taɓo inda nake son zuwa. Anka ba ta zaman cin abinci da kamun kifi ba ce kawai. Ranar da inji ya mutu iska na kora ka zuwa kan duwatsu ko cikin busassun itatuwa, ita ce birkinka. Don wannan ranar ake zaɓenta.

Baba Mai Jirgi, Yauri: Wannan kam ɗiyata ta faɗi gaskiya. Inji ba ya da amana.

Na Apapa: Salam. Ni a Legas nake aiki a kan ƙananan jiragen da ke kai mutane bakin teku, kusan kullum da anka a hannuna. Alhaji na san irin hotunan da aka turo maka, bari in bi maka su.

Mai faffaɗan kunnuwa biyu masu tsini, waɗanda ke lilo a jikin ƙota, ita ce Danforth. Wani Ba'amurke mai wannan suna ya ƙirƙiro ta, an yi aiki da ita sosai a jiragen sauke sojoji a bakin gaɓa lokacin yaƙin duniya na biyu. A laka da yashi ba ta da sa'a idan aka auna riƙonta da nauyinta, kuma a kwance take ajiyuwa ba ta cin wuri. Aibinta biyu. A kan ciyawa ko shimfiɗaɗɗen dutse sulɓewa take yi. Sannan idan jirgi ya juya ya ja ta ta baya, takan tumɓuke, wani lokaci laka ko ɗan dutse ya cushe tsakanin kunnuwan ta kasa sake kamawa. Mu nan da ruwa ke shigowa ya koma, yana sauya hanya kusan duk awa shida, mun san wannan halin nata. Ku a tafki sai dai idan iska ce ta juya.

Mai kama da tafin hannu mai yatsu uku ita ce Bruce. Peter Bruce ya fito da ita a shekarun 1970, manyanta ma don ayyukan haƙar mai a teku aka yi su. Tana saurin kamawa, idan jirgi ya juya tana bin sa ba tare da ta fita ba, amma kilo da kilo ba ta kai Danforth riƙo a laka mai taushi ba, ga cin wuri.

Mai baki ɗaya kamar na huɗa, irin CQR da Delta, ta manyan jirage ce waɗanda ke da wurin rataye ta a goshi. Mai kama da lema a kife kuma, ka bar ta inda ka gan ta. Ta ƙaramin kwalekwale ce a ruwan da ba ya motsi, ko kuma ƙatuwa da ake bari wata da watanni ta nutse a laka.

Sai mai ƙugiya huɗu da ake naɗewa. Wannan ta dutse ce da itace, inda za ta sami abin saƙalewa. A yashi jan ta za ka yi ta yi tana zana layi.

Ɗan Zuru: To ni duk wannan bayanin ban ji kilo ba. Alhaji kilo ya tambaya.

Kawu na Ingila: Akwai tsohuwar ƙa'ida da ake faɗa a nan: fam ɗaya na nauyi ga kowace ƙafa ɗaya ta tsawon jirgi. Mita 5 da rabi ƙafa 18 ke nan, fam 18 kuma ya kama wajen kilo 8. Ni da ita zan yi aiki. Ban taɓa jin wanda ya yi kuka cikin dare don ankarsa ta yi girma ba.

Na Apapa: Kawu, wannan ƙa'idar ba ta duba irin ankar ba, shi ne matsalarta. Kamfanin Fortress yana yin mai siffar Danforth da alminiyom. Ƙaramarsu ba ta cika kilo 2 ba, amma a jadawalinsu sun ba ta jiragen ƙafa 16 zuwa 27. Faɗin kunnuwan ne ke aiki. Ga jirgin Alhaji, Danforth ta ƙarfe mai kilo 5 ko 6 ta isa har da saura. Idan Bruce ce, mai kilo 5, ko ya hau zuwa 7 da rabi saboda rumfar.

Kawu na Ingila: Jadawalin kamfani ai na mai son sayar da kaya ne. Kuma mara nauyi tana wahalar huda ƙasa mai tauri, sai ta riƙa yawo a sama. Wannan kai ma ka sani.

Na Apapa: Na sani, shi ya sa ban ce ya sayi ta alminiyom ba. Amma ka tuna ba shi da injin jawo anka, hannu ne. Kilo 8 da sarƙa da lakar da za ta biyo su, ka jawo daga mita 4 kana tsaye a goshin jirgi yana rawa. Abin da ke faruwa shi ne mutum ya fara ƙyuyar sakinta, ya ce ai minti goma ne kawai. Ko kuma ranar da ba ya nan Hajiya ko yaro su kasa ɗaga ta.

Kawu na Ingila: To a tsaya a 6. Ƙasa da haka ban yarda ba.

Injiniya: Kun daidaita a kan kilo, saura abin da ya fi kilon muhimmanci, wanda kuma nan ne akasarin mutane ke faɗuwa: sarƙa da tsawon igiya.

Tunda ja a kwance ne ke sa anka ta nutse, dole igiyar ta yi tsawon da za ta kwanta. Lissafin shi ne ka auna daga goshin jirgi inda igiya ta fita har ƙasan ruwa, ba daga saman ruwa ba. Zurfi mita 4, goshi ya ɗaga kamar mita 1, ka sami 5. Tsayawar rana cikin natsuwa ka ninka sau biyar, mita 25. Idan iska ta taso ka ninka sau bakwai, mita 35. A ninki bakwai igiyar tana jan ankar ne a karkace da digiri 8 kacal. A ninki uku ya kusa digiri 20. A ninki biyu digiri 30 ne, wato kana tumɓuke ta da hannunka. Sau da yawa za ka ji mutum yana zagin anka wai ba ta da kyau, ka duba ka ga igiya mita 8 ya saki a ruwa mai zurfin mita 4.

Tsakanin anka da igiya kuma ka sa sarƙa mai kaurin milimita 6, wadda aka yi wa rufin hana tsatsa, tsawon jirgin, wato mita 5. Nauyinta zai kai kilo 4. Tana danne ƙotar ankar ƙasa, tana kuma hana dutse da kututture cin igiyar. Igiya ka nemi nailon mai tufka uku, milimita 10, mita 50. Nailon yana miƙewa idan taguwar ruwa ta fizgi jirgi, sai ya shanye fizgar maimakon ta kai ga anka.

Baban Humaira: Ikon Allah, mita 50! Ni shuɗiyar igiyar nan da ake ɗaure kaya a mota na yi niyyar sa wa, akwai ta a gida.

Na Apapa: A'a Alhaji, ka bar wa masu lodi kayansu. Wannan shuɗiyar a saman ruwa take yawo, farfelar injinka ko ta wani mai wucewa za ta naɗe ta. Rana kuma tana cinye ta, ka ga ta fara yin gari-gari a hannu. Idan kana shakka a kasuwa, yanki guntu ka jefa a bokitin ruwa. Nailon nutsewa yake yi.

Maman Iman: Tambaya: idan an saki mita 35, jirgin ba zai yi ta yawo ba?

Injiniya: Zai yi, Hajiya. Zai iya zagaya ankar a da'irar da faɗinta ya kai mita 70 idan iska ta juya. Don haka kafin a saki sai an duba ba itace ko dutse ko ragar masunta a cikin wannan filin.

Baba Mai Jirgi, Yauri: Ragar masunta kam ku kiyaye, in ba rigima kuke so ba. Duk inda kunka ga jarka ko gora na yawo a layi, akwai raga a ƙasa. Sannan Injiniya ka gaya masa zurfin nan ba ɗaya ba ne duk shekara. Daga bazara ruwa na ja baya sosai, bayan damina ya dawo ya cika. Inda ka tsaya lafiya watan sanyi, wata rana kan kututture za ka tarar a waje. Inda ciyawar burgu ta rufe kuma kada ya wahal da kansa, ba ƙarfen da zai kai ƙasa. Amma har yanzu ba ku ba ni amsa ba. In ta maƙale fa?

Na Apapa: Baba akwai dabara. A gindin anka, can wajen kunnuwa, akwai rami ko a sa mai walda ya yi zobe. A nan za a ɗaura sarƙar, sai a kwantar da ita a jikin ƙota, a kama ta a saman ƙotar da kebul tai irin na masu wayarin, guda biyu ko uku. Muddin ana ja a kwance, ankar na aiki yadda ta saba. Idan ta maƙale sai ka kawo jirgi daidai kanta ko ka ɗan wuce, ka ja sama, kebul tai ɗin ya tsinke, ta fito ta gindi.

Injiniya: Wannan dabarar ban yarda da ita a kan babbar anka ba. Idan iska ta juya da ƙarfi jirgin ya ja ta gefe, robar za ta tsinke da kanta a lokacin da ka fi bukatar riƙo, ka koma jan anka ta baya. A kan mai ƙugiya huɗu ta zaman kamun kifi, kana zaune kana kallo, babu laifi. Wadda za ka dogara da ita ranar da inji ya mutu, a ɗaure ta sosai, a kuma ɗaure kusar mahaɗin anka da sarƙa da waya don kada ta warware. Idan ana tsoron maƙalewa a sa wata siririyar igiya a gindinta da jarka a sama, a jawo ta da ita.

Na Apapa: Jarkar ma tana da nata, igiyarta kan naɗe a farfela ko a sarƙar. Mu dai da kebul tai muke aiki.

Injiniya: Ku kuna da jirage na wucewa kowane minti. Shi idan ya sulale a Kainji, tafkin da ya haura kilomita 100 a tsawo, wa zai gan shi?

Baba Mai Jirgi, Yauri: Ku yi biyu mana. Mai kunnuwan ta zauna cikin jirgi don ranar wuya da wurin laka mai tsabta. Ta cikin itatuwa kuma a ba mai walda rodi ya lanƙwasa ƙugiya huɗu a jikin guntun bututu. Kada rodin ya yi kauri. In ta maƙale ka ja da ƙarfi, rodin ya miƙe ta fito, ka taka shi da ƙafa ya koma. In ta ɓace ma ba ka yi kuka ba.

Injiniya: Baba wannan kun gama magana. Rodi mai milimita 8 zai yi.

Kawu na Ingila: Abu guda da ba a faɗa ba, kuma ya fi duk waɗannan hatsari. Kada a kuskura a ɗaure igiyar anka a bayan jirgi, wajen inji. Bayan ya fi ko'ina kusa da ruwa, ga nauyin inji, kuma a miƙe yake ba ya yanka taguwa. A watan Fabrairun 2009 a gaɓar Florida ta Amurka, mutum huɗu sun fita kamun kifi a jirgi mai ƙafa 21, biyu daga cikinsu, Marquis Cooper da Corey Smith, ƙwararrun 'yan wasan ƙwallon Amurka ne. Ankarsu ta maƙale, suka mayar da igiyar baya suka taka inji don su fizge ta. Bayan jirgin ya nutse, ya kife. Mutum ɗaya ne ya rayu.

Maman Iman: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Saboda ƙarfe ɗaya.

Na Apapa: Wuƙa mai kaifi ta zauna kusa da goshi saboda irin wannan. Idan ta ƙi fitowa, ɗaura jarka a igiyar ka sake ta, ka dawo da masu nutso wata rana. Sannan Alhaji ba a wurga anka, sarƙar kan naɗe kunnuwan tun kafin ta isa ƙasa. Ka fuskanci iska, jirgi ya tsaya, ka zura ta a hankali har ka ji ta taɓa, ka bar iska ta ja ka baya kana sakin igiya. Idan ka kai tsawon da kake so ka ɗaure a goshi, ka sa ribas kaɗan-kaɗan. Ɗora hannu a kan igiyar: idan tana karkarwa tana fizga, ankar na jan ƙasa ne, sai a sake. Idan ta miƙe ta yi shiru, ta kama. Ka daidaita wata bishiya da wani tudu a bayanta da ido, in sun rabu to kana tafiya. Ƙarshen igiyar kuma a ɗaure yake a jikin jirgi tun daga gida, kuma kada yara su sa ƙafa cikin naɗinta.

Ɗan Zuru: Wato dai ni da na ce kilo 15 ni ne kusa da gaskiya. Anka 6, sarƙa 4, ta rodi 3, ga igiya. Ku haɗa ku gani.

Baban Humaira: Ɗan Zuru ba ka faɗuwa ƙasa banza! Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Na tura wa na Legas ya kawo Danforth mai kilo 6 da sarƙar da nailon. Baba, ta rodin fa, bututun tsawonsa nawa zan ce wa mai walda?

Baba Mai Jirgi, Yauri: Kamu ɗaya ya isa, daga gwiwar hannu zuwa yatsa. Ya cika cikinsa da guntayen ƙarfe ya toshe, ya sa zobe sama da ƙasa. Ka ce masa kada ya yi wa ƙugiyoyin tsini, jirginka faiba ne.